Tarihin da Ke Cikin Silin

Wa ya aike ku? Tambaya nake yi. Mutum ya yini a tsaye, ya zo zai miƙe bayansa, sai ku kewaye shi da "Kaka, me ya sa silin ɗakinki kala biyu ne?" Idanunku ba su da wani aiki sai kallon sama? Kwanukan da aka ce ku wanke suna can bakin famfo, su ba ku gan su ba, amma katakon da ke bisa kanku kun san kalarsa. Ke, sauke ƙafarki daga gadona. Kai kuma bar wasa da makullin nan. Zan faɗa muku sau ɗaya, don kada ku je ku tambayi kawunku ya ba ku nasa labarin. Nasa ya fi nawa tsawo, kuma shi ne gwarzo a ciki.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Da hannunsa ya yi silin nan, shekarar da aka kawo ni gidan. Duk layin nan babu ɗakin da ya kai shi sanyi. Da tsakar rana, lokacin da kwanon rufi ke ƙara don zafi, matan maƙwabta nan suke kawo jariransu su kwantar. Abin da ya sa, tsakanin kwano da katako jarida ce danƙare. Duk mako sai ya shigo da ƙunshin takardu a hammata, ya turo ƙofa, ya hau tsani, ya cusa su ta wata kafa da ya bari a wancan lungun. Da wajen ya cika, ya buga katako ya rufe kafar, ya ce da ni, "Kada kowa ya taɓa silin nan, ko ina raye ko ba na raye." Ban tambaye shi dalili ba. Ɗaki yana da sanyi, wane dalili kuma zan nema? Na ce to. Wannan "to" ɗin na riƙe har bayan ransa.

Sai kawunku. Kun san me ya sa ake ce masa Na-Sani? Tun yana tatata, kafin ka rufe baki ya ce "na sani." Ka ce masa tukunyar nan da zafi, ya ce ya sani, da yatsansa a ciki. Ya girma ya buɗe shagon gyaran rediyo da fanka, inda kaya ke shiga da cuta ɗaya su fito da biyu.

A shagon aski abin ya faro. Ni ba na zuwa can, amma maganar shagon aski tana riga masu askin isowa gida. Maza suna zaune suna aikin da suka fi iyawa, wato kowa yana yabon ubansa. Mai askin ya danne kan kawunku da hannu ɗaya, ya ce, "Kai fa, Na-Sani? Naka uban, ban da gado da ƙofa, me ya bari?"

"Ubana?" in ji shi. "A zamaninsa babu gidan da ba a san fuskarsa ba a garin nan."

Ƙirƙira ya yi, nan take, kamar yadda ya saba. Sai wani tsohon direba da ke zaune a ƙurya, wanda ke zuwa aski kullum alhali babu gashi ko ɗaya a kansa, ya ce, "Wannan kam gaskiya ce. Duk mako sai an buga hotonsa a jarida."

Kawunku da kansa ya razana. Bai saba ƙaryarsa ta zama gaskiya ba. Amma ya daure ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Na sani mana."

"To, madalla," in ji direban, ya yi tari, ya juya ya fuskanci bango.

Haka ya shigo mini nan, rabin kai a aske, rabi da gashi, ƙyallen mai aski har yanzu a wuyansa. Ya ce, "Inna, me ya sa kika ɓoye mana cewa mu manyan mutane ne?"

Na ce, "Koma a ƙarasa maka askin, babban mutum."

Bai koma ba sai da ya zayyana mini shirinsa. Zai bi tsofaffin jaridu ya tono tarihin gidan nan tun daga tushe. Zai rubuta littafi. Zai tara mutanen unguwa a tsakar gidana ya nuna musu ko mu su waye. Na ce masa ni na san ko mu su waye, mu ne waɗanda famfonsu ke ɗiga tun bara yana cewa zai gyara. Ya ce, "Inna, wannan harkar ilimi ce." Kafin ya ga ko harafi ɗaya na jarida, ya riga ya buga katin gayyata da ranar taro a jiki, ya raba har da gidajen da ba ma gaisawa.

Ranar da zai je ofishin jarida sai da na fito kallo. Kwat ya aro. Ga jakar hannu da babu komai a ciki sai biredi. Ga gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ga safar hannu ta roba da matarsa ke wanke-wanke da ita, wai masu bincike ba sa taɓa takarda da fata.

Matar da ke kula da siton tsofaffin jaridu 'yar ƙawata ce, don haka babu abin da ya wuce ni. Ta ce masa abu biyu: kada ya lashi yatsa ya juya shafi, kada ya hau kantar da ake jera jaridun. Ya ce ya sani. Ta sauko masa da manyan ɗaurin jaridun shekarun da yake nema, ta jera masa a tebur. Sai ta ga yana duba shafin farko na kowace jarida, ya tsallake sauran, ya wuce ta gaba.

Ta ce, "Malam, ai da ka duba har baya."

Ya ɗago gilashinsa ya dube ta ta ciki. "Baiwar Allah, shafin baya na masu tallan sabulu ne da wanda akuyarsa ta ɓata. Ubana a gaba yake."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma kujerarta.

Safar roba ba ta kama takarda. Ya yi ta murza, shafi ya ƙi juyawa, sai ya cire ta ya koma lasar yatsa. Takardar da ta tsufa kuwa ba ta son yawu, duk inda ya taɓa sai ta biyo yatsan. Ƙura ta shiga masa hanci, ya saki atishawa a kan wani shafi, shafin ya tashi kamar dussa. Ya tattara garin da gefen hannu ya zuba a aljihun kwat ɗin aro. Da ya gama da na tebur bai ga uban nasa ba, sai ya hango wani ɗauri can sama, ya ce lallai nan aka ɓoye na manyan mutane. Ya hau kanta. Kantar ta yi haƙuri da shi har mataki na sama, daga nan ta sauko tare da shi. 'Yar ƙawata ta ce ƙafafunsa kawai ta gani suna motsi a ƙarƙashin shekaru masu yawa.

Masu gadi suka raka shi har titi, aka ce kada a sake ganinsa ko a inuwar ginin. Ya dawo da ƙulu a goshi yana cewa maƙiya sun riga shi zuwa, sun cire ubansa daga tarihi.

Amma bai dawo hannu wofi ba. Ya ɗauki hoton wani shafin farko a wayarsa: ranar buɗe wata gada, manya suna yanka ƙyalle, can gefe kuma wani abu dogo a tsaye. Ya nuna mini. Ya ce, "Dubi tsayuwar nan, Inna. Tsayuwar Baba ce."

Na ce, "Ubanka bai taɓa tsayuwa a inda ba a aiki ba."

Ya kai wa mai hoto ya ce a mayar da shi girman ƙofa. Mai hoto ya ce hoton jarida in an faɗaɗa shi ɗige-ɗige yake komawa. Kun san amsar da ya samu. Aka yi hoto, aka sa masa firam mai ruwan zinari, aka jingine shi a ƙofar shagon kawunku. Babu abin da ke ciki sai ɗigo baƙi da ɗigo fari, kamar jikin zabuwa.

Mutane suka taru. Wani ya tambaya ko sabon yadi ya fara sayarwa. Kawunku ya ce irin wannan hoton ba a ganinsa a kusa, sai an ja da baya. Aka ja da baya. Ya ce a ƙara. Aka ƙara, har aka tsallake titi da baya da baya. Telan da ke kallon shagonsa yana ja yana ƙanƙance ido, har ya zurma cikin kwata zuwa gwiwa. Daga can ya ce, "Na-Sani, daga nan ana gani sosai. Falwaya ce."

"Baba dogo ne," in ji kawunku.

"Da wayar wuta a kansa?"

"Rawani ne iska ta kaɗa."

"To ga tsuntsu nan zaune a kan rawanin."

Da abin ya tsaya nan, da silina yana nan lafiya. Sai ga Gwaggo, ƙanwar kakanku, wadda ba ta iya riƙe magana ko na tsawon shan ruwa, ta zo duba ƙulun goshinsa. Tana shafa masa man zafi ta ce, "Kai ma da wahalar da kai. Ai Yaya duk mako sai ya saye jaridun mai jaridar bakin titi kaf, kafin kowa ya farka, ya yage shafi ɗaya daga kowace, ya kai silin ɗakin uwarka."

Na harare ta. Ta ce, "Au, ba a faɗa ne?"

Kawunku ya ɗaga kai sama a hankali, kamar yadda kuke yi ɗazu. Ya ce, "Allah sarki Baba. Ashe ajiye mana tarihi ya yi."

Na ce, "Zafi ya tare mana. Fita."

Washegari ya zo da sukari da sabulu a leda, ya durƙusa, ya ce, "Inna, kwana biyun nan kin ƙara ƙuruciya."

Na ce, "Me ka fasa?"

"Katako ɗaya kawai zan ɗaga, in zaro takarda ɗaya, in mayar."

Na karɓi sukarin da sabulun, na ce a'a.

Bayan nan ya zo ya ce ya ji motsin ɓera a silin, ɓera mai girman mage, kada ya faɗo mini a ka. Na ce ɓeran da ya zauna shekara da shekaru a bisa kaina bai taɓa tambayata komai ba, ya fi wasu 'ya'yan hankali, a bar shi.

Sai ya kawo mini ma'aikacin wuta, da hular kwano da tsani, wai za a duba wayoyin cikin silin kada gobara ta tashi. Na dubi ma'aikacin, ma'aikacin ya dubi ƙasa. Na ce, "Kai ba ɗan mai wanki ba ne, mai sayar da takalma a bakin kasuwa? Yaushe ka koyi wuta?"

Ya ce, "Kwanan nan, Inna."

Na ce madalla, na miƙa masa dutsen gugana da ke jan mutum, na ce ya fara da wannan. Ya riƙe shi kamar an ba shi maciji, ya ce ya manta kayan aiki, ya fita. Tsaninsa yana nan bayan kicin har yau, shi muke shanya tsumma a kai.

Ranar na kira kawunku na zaunar da shi. Na ce, "Ubanka bai roƙe ni abu da yawa ba a zamanmu. Bai ce in yi masa kaza ko kaza ba. Wannan kaɗai ya roƙa. Ban san abin da ke ciki ba, ban kuma damu in sani ba. Ka bar shi." Ya sunkuyar da kai, na ɗauka ya ji. Ashe lissafin hanyar bayan gida yake yi. Tun daga ranar na ɗaure makullin ɗakina a haɓar zane.

Ranar taro ta zo, tun da kati ba ya jiran bincike. Aka kafa rumfa a tsakar gida, aka jera kujerun haya, aka ɗaura lasifika a bishiya. Kawunku ya kawo manyan fanka biyu masu tsayuwa da ya gyara da kansa. Tun da ya gyara su gudu ɗaya suka sani, na ƙarshe, kuma ba a kashe su sai an zare waya. Mai aski ne mai gabatarwa. Ga tela, ga mai hoto, ga tsohon direba a layin gaba ya harɗe hannu a kan sanda, ga Gwaggo da tawagarta. Ni aka sa ni a kujera mai hannu, ɗakina a kulle a bayana. A kan tebur ga hoton falwaya an lulluɓe shi da zanin gado.

Kawunku ya fito da kwat, an maƙala masa ɗan ƙaramin makirufo a wuyan riga, irin wanda ba shi da waya. Ya yi jawabi. Ya yi magana a kan tushe, da asali, da jini. Ya ce akwai gidajen da ake haifa, akwai gidajen da ake rubutawa. Ya ce ya sha wahalar da ba kowane ɗa zai sha ba, ya nuna ƙulun goshi. Mutane suka shanye lemon da aka raba, suka fara motsi. Tela ya ce, "In falwayar ce a ƙarƙashin zanin nan, mun riga mun gaisa da ita."

Kawunku ya ce, "Ku ba ni ɗan lokaci, zan ɗauko ainihin takardun daga ma'ajiya." Ya zagaya bayan gida.

Na ɗauka kunya ce ta kai shi banɗaki. Sai lasifika ta fara haki. Muka ji ƙarar tsani, muka ji ana ɓamɓare ƙusa daga kwanon rufi. Sannan muryarsa ta cika unguwa, a hankali, kamar mai raɗa: "Bismillahi. Tsohuwar nan ta zaci ta fi ni wayo. Ta riƙe makulli, ta manta gida yana da sama."

Duk rumfar ta juyo ta dube ni. Mai aski ya kai hannu zai zare waya. Na ce ya bari, na karɓi makirufon hannunsa. Ban taɓa magana a cikin abin nan ba, amma ba wani ilimi ba ne, baki ake sa wa.

Na ce, "Na-Sani."

Hakin ya tsaya.

"Sauko."

Can ya ce, "Inna, kina jina ne?"

"Ni da unguwa. Sauko."

"Ɗaya kawai, Inna. Ga su nan a gabana, hannu kawai zan miƙa."

Na ga ba zai sauko ba, kuma ƙafata ba ta hawan tsani. Na ce, "To, tun da ka ƙi ji, taka kan katako mai kauri. Kada ka taka allon tsakiya, ba ya ɗaukar mutum."

Ya ce, "Na sani."

Ƙarar ta zo sau biyu, ɗaya daga ɗakina, ɗaya daga lasifika. Bayanta wata doguwar ƙara ta biyo, kamar ana juye buhunan ganye. Sai ƙura ta fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Ban yi gudu ba. Abin da ya faɗi ya riga ya faɗi. Na kwance makullina, na buɗe ƙofa, takardu suka zubo mini har gwiwa. Fankokin kawunku kuwa suka samu aikin da aka halicce su dominsa. Kafin a gano wayar da za a zare, takarda ta cika rumfa, ta hau bishiya, ta tsallake katanga, ta bi layi. Babu wanda bai samu tasa ba. Wasu biyu suka samu. Gwaggo ɗaya ta manne mata a fuska.

Duk shafi ɗaya ne. Mako daban, shekara daban, amma shafin baya ne, kuma abu ɗaya ne a kai.

Mai aski ya karɓi makirufonsa ya gyara murya, don shi aikinsa gabatarwa ne. Ya ce hoto biyu ne a jere. Na hagu wani saurayi ne siriri, wuya kamar mariƙin ludayi, riga ta rataya a jikinsa kamar a ƙusa. A ƙarƙashi an rubuta: KAFIN YA SHA. Na dama shi ne dai, amma da ƙaton ciki da kumatu buhu-buhu. A ƙarƙashi: BAYAN YA SHA. Tallan wani maganin ƙiba ne na kwalba. Ya karanta har ƙaramin rubutun ƙasa: "Kwalba ɗaya, dangi su daina tambayarka ko lafiya."

Babu wanda ya yi dariya da farko. Kowa ya duƙa a kan takardarsa, kafaɗu kawai ke rawa.

Tsohon direba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ce masa aka yi a wani gari mai nisa za a buga. Rana ɗaya aka ɗauki duka biyun, ina wajen. Auduga ce a kumatun. Mu duk mun gani, amma wa zai yi magana? Mutumin da ke yawo da guduma, kuma shi ke yi mana ƙofa."

Sai ga kawunku ya fito daga ɗakin da rarrafe, takalmi ɗaya, hannun kwat ɗin aro ya rabu da kafaɗa, ƙura ta mayar da shi tsoho. Ya tsinci takarda ɗaya, ya ɗora mata gilashin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa. Na ce yau dai bakin nan zai huta. Sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce, "To, kun gani da idonku. Manyan gari hoto ɗaya ake sa musu. Ubana biyu."

Tela ya ce, "Wanne ka gada, na kafin ko na bayan?"

Nan rumfar ta fashe. Har matar kawunku sai da ta shige kicin ta rufe ƙofa, muna jin ta ta taga.

Na ce a miƙo mini ɗaya. Ban iya karatu ba, amma hoto ba ya buƙatar makaranta. Na dubi na hagu. Haka yake lokacin da aka kawo ni, ba su ƙara masa ba, ba su rage ba. Na dubi na dama. Ta gefen rigar, inda ta ɗage, ga bakin wani abu ya leƙo, da ɗinkin fulawa a jiki. Ni na yi ɗinkin nan da hannuna tun ina gidanmu.

Na ce, "Wannan matashina ne."

Lasifika ta kai maganar har ƙarshen layi.

Na ce, "Babu inda ban nemi matashin nan ba. Har rijiya na sa aka leƙa. Shi kuma yana taya ni nema."

Direba ya ce, "Mai hoton wancan lokacin ne ya riƙe shi, wai zai yi wa wasu amfani."

Na ninke takardar. Na ce, "Tun da an tara ku don tarihi, ga tarihi. Mutumin nan ko cokali ɗaya na maganin nan bai sha ba. Cikin da kuka san shi da shi daga baya, wanda ba ya iya ganin ƙafarsa, ba matashi ba ne, ba kwalba ba ce. Ni na yi shi, a tukunya. Wanda ke da tambaya ya zo ya same ni. Wanda ba shi da ita ya ajiye takardar mijina a kan kujera, ya ninke kujerar, ya tafi gida."

Tsofaffin suka gyaɗa kai. Aka fara ninke kujeru.

Kawunku kuwa sabon bincike na ba shi. Na ce duk takardar da ta fita daga ɗakin nan sai ta dawo. Ya bi gida gida da buhu yana sallama, ya hau rufin maƙwabta, ya tsamo wasu daga kwatar da tela ya faɗa, ya shanya su a igiyata. Yara suka riƙa binsa a layi suna kumbura kumatu. Ya mayar da takardun sama da hannunsa, ina zaune a ƙasa da sanda. Allunan da ya karya kuwa wani kafinta na sa ya yi, don ba zan kwana a ƙarƙashin aikin Na-Sani ba. Katakon yanzu ba irin na da ba ne, shi ya sa kuka ga kala biyu. Ba duka takardun suka dawo ba. Mai aski ya rantse bai riƙe ko ɗaya ba, alhali tana nan manne a gefen madubinsa. Ɗakin ma bai koma sanyinsa na da ba. Ɓangaren can da rana tanda ne.

Shi kuma har gobe in ka zauna da shi zai ce maka shi ne ya tono tarihin gidan nan da ransa a hannu, littafin ma yana hanya.

Me ka ce? A'a, ba duka aka mayar sama ba. Ɗaya tana ƙarƙashin katifar nan. Katifar ce ta lotsa a wajen, takardar tana tare ta. Kakanku bai sake yarda ya tsaya gaban mai hoto ba har ya bar duniya, ba ni da wani hotonsa sai wannan, amma ba don haka na ajiye ba, na gaya muku katifa ce.

Ba za ku gani ba. Cire hannunka daga nan kafin in cire maka. Ke ɗauki ƙaninki, ya yi barci da baki buɗe a kan zanina. Kowa ya kama hanyar shimfiɗarsa, kuma wanda ya fita ƙarshe ya ja mini ƙofa.